Wa Ya Sa Hannu a Takardar Tuhumar?

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Mai Shari'a Obiora Egwuatu na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. An kama su ne tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, mafi yawansu daga Kano da Kaduna, kuma da yawa daga cikinsu yara ne da ko gemu bai fito musu ba. Tuhumar da aka karanto musu ta haɗa da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne a dokar Najeriya. Kafin a yi nisa huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Lauyan da ke gabatar da ƙarar ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa manya ne, har da magidanta a ciki, rundunar 'yan sanda kuma ta ce sumar shiri ce. Alƙali ya ba da beli a kan naira miliyan 10 kowannensu, ya ɗage zama zuwa watan Janairu. Ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wannan kuɗi albashin kusan shekara 12 ne, ba ci ba sha.

Mu da ke zaune a arewacin kogin Kaduna mun san irin waɗannan fuskoki. Su ne muke gani a Kawo suna tallar ruwan leda, su ne 'yan koyon ɗinki a Kasuwar Barci da yaran kanikawa a Unguwar Shanu. Mun kuma tuna ranar Litinin 5 ga Agusta, da aka ɗaga tutar Rasha a titunan gari, aka yi fashe-fashe, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Ba na cikin masu cewa ba a yi ɓarna ba. An yi, kuma wanda ya fasa shagon wani ya cancanci ya amsa a kotu. Amma tsakanin fasa shago da yunƙurin kifar da gwamnatin tarayya akwai tazara mai nisa, kuma wani mutum ne, mai suna da muƙami, ya zauna a kan tebur ya tsallake wannan tazara da alƙalami.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hotunan yaran suka zagaye duniya. Ranar Litinin 4 ga wata Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya sanar cewa Shugaba Tinubu ya umarci a sake su. Ranar Talata lauyoyin Ma'aikatar Shari'a suka janye ƙarar, kotu ta sallami mutum 119, wato waɗancan 76 da wasu 43, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima kuma ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna a fadar gwamnati. Aka yi ta godiya, aka yi ta yabon tausayin shugaba. Ni dai wannan yabo bai kwanta mini ba. Shari'ar da za a iya rushewa cikin kwana huɗu saboda hoto ya fita, shari'a ce da ba ta kamata a shigar da ita ba tun farko, kuma wata uku da yaran suka yi a tsare babu mai mayar musu da shi.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ta fito ne daga bakin Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, a daren Juma'ar nan. A sanarwarsa ya nuna cewa a lokacin ne labarin gurfanarwar ya iso masa, kuma ya umarci 'yan sanda su miƙa fayil ɗin ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki na ma'aikatarsa domin ya duba. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Babban jami'in shari'a na ƙasa yana faɗa mana cewa an tuhumi mutum 76 da laifin da ake rataye mutum a kansa, da sunan hukuma, a kotun da ke gari ɗaya da ofishinsa, kuma fayil ɗin bai taɓa biyo ta teburinsa ko na daraktansa ba. Na yarda da maganarsa, kuma yardar ce ke tayar mini da hankali, musamman da yake wata biyu kafin nan, ranar 2 ga Satumba, an riga an gurfanar da wasu mutum 10 a wannan kotu da irin wannan tuhuma a kan wannan zanga-zanga. Ba sabon abu ne ya faɗo daga sama ba.

Yadda doka ta tsara al'amarin shi ne kamar haka. Sashe na 150 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce Antoni-Janar shi ne babban jami'in shari'a na tarayya, kuma minista ne a gwamnati. Sashe na 174 ya ba shi iko uku: ya shigar da ƙarar laifi a kan kowa, ya karɓe ƙarar da wata hukuma ta shigar, ya kuma dakatar da kowace irin ƙara a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Yana iya yin haka da kansa ko ta hannun jami'an ma'aikatarsa. Sashe na 211 ya ba Antoni-Janar na jiha irin wannan iko a kan laifukan dokar jiha. Sai dai ba shi kaɗai ke shigar da ƙara ba. EFCC na da lauyoyinta, ICPC na da nata, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi na da nata, 'yan sanda ma haka. Tun 2006, a shari'ar Osahon, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa 'yan sanda na iya gabatar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Ma'ana, hukumar da ta kama mutum, ta tsare shi, ta yi masa tambayoyi, ita ce kuma za ta iya yanke shawarar wace tuhuma ta dace da shi, ba tare da wani ido na waje ya ga takardar ba.

Kaduna garin ma'aikata ne, don haka kowa a nan ya san yadda fayil ke tafiya. Idan za a sayi taya huɗu na motar ofis, sai ƙaramin jami'i ya rubuta, na sama da shi ya yi sharhi, akanta ya tabbatar akwai kuɗi, babban sakatare ya sa hannu, daga baya mai binciken kuɗi ya zo ya bi sawu. Muna zagin wannan tsari saboda jinkirinsa, amma hikimarsa ɗaya ce: in abu ya ɓaci, akwai sunan da za a kira. Ƙasar da ta tanadi wannan taka-tsantsan domin tayar mota ba ta tanade shi ba domin wuyan ɗan shekara 15.

Wani zai ce ai akwai tantancewa, tunda kullum muna jin ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Gaskiya ne, kuma na san wannan jira da idona. Shekarun da na yi ina ɗauko rahoto daga kotuna, na ga wata dattijuwa tana zuwa wata kotun majistare a garin nan duk ranar da aka sa, da 'yar kular abinci a hannu, a kira sunan ɗanta, a ce shawara ba ta fito ba, a ɗage, ta koma. Na bar wannan aiki tana nan tana zuwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba ofishin Antoni-Janar kwana 14 ya fitar da irin wannan shawara bayan fayil ya iso masa, amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Tantancewar da ake da ita ke nan: inda take aiki tana tafiyar hawainiya a kan talaka, inda aka fi buƙatarta kuma, wato ƙarar da ke da warin siyasa, ana iya zagaye ta gaba ɗaya.

Ƙofar shiga ke nan. Ƙofar fita tana da mai gadi, mutum ɗaya, kuma ba ya bayani ga kowa. Ikon dakatar da ƙara, wanda lauyoyi ke kira da Latinanci nolle prosequi, shi ne mafi kaifi a cikin ikon nan uku. Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 174 ya ce wajen amfani da shi Antoni-Janar ya lura da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da tsarin shari'a. Kalmomi ne masu daɗin ji. Amma a 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta fassara makamancin wannan sashe na kundin 1979, ta ce kotu ba ta da hurumin tambayar Antoni-Janar dalilinsa. Abin da ke iya taka masa birki shi ne ra'ayin jama'a da kuma wanda ya naɗa shi. Mai Shari'a Kayode Eso, wanda ya rubuta babban hukuncin, alƙali ne da ake girmamawa, kuma ya bi al'adar Ingila ne, inda Antoni-Janar ke tsayawa a majalisa ya amsa tambaya. A nan wanda ya naɗa shi shi ne shugaban ƙasa, mutumin da sau da yawa shi ne ya fi kowa amfana da janyewar. Ra'ayin jama'a kuwa ba ya iya auna dalilin da ba a faɗa masa ba.

Mu ɗauki misalin da 'yan arewa ba su manta ba. EFCC ta shafe kusan shekara takwas tana shari'a da tsohon gwamnan Gombe, Sanata Danjuma Goje, a kan zargin almundahana. A watan Maris na 2019 kotu ta yi watsi da tuhuma 19 cikin 21, ta ce ya kare kansa a kan biyun da suka rage. Ranar 6 ga Yuni ya gana da Shugaba Buhari, ya janye daga takarar shugabancin Majalisar Dattawa, ya mara wa Ahmad Lawan baya. Washegari ofishin Antoni-Janar ya karɓe shari'ar daga hannun EFCC, a watan Yuli kuma aka janye ta a Babbar Kotun Tarayya da ke Jos. Ban ce Goje ya aikata laifi ba. Babu kotun da ta same shi da laifi, kuma mai yiwuwa ne tuhuma biyun nan ba su da ƙwari. To amma in haka ne, shi kansa an cuce shi, domin an hana shi wankewar da hukuncin alƙali ko cikakken bayani a rubuce za su ba shi, aka bar shi da jerin ranaku da kowa ke karantawa yadda ya ga dama. Janyewar da ba a bayyana hujjarta ba tana ɓata mai gaskiya kamar yadda take rufa wa marar gaskiya asiri.

Haka Omoyele Sowore: an kama shi a Agustan 2019, an tuhume shi da laifin da ya shafi cin amanar ƙasa, aka ja shari'ar fiye da shekara huɗu, sannan a Fabrairun 2024 gwamnati ta janye. Haka ma'aikacin kamfanin Binance, Ba'amurke Tigran Gambaryan, wanda aka janye tuhumarsa ranar 23 ga Oktoba, 2024, bisa dalilin rashin lafiya, bayan gwamnatin ƙasarsa ta matsa lamba. Kwana tara bayan haka yaranmu suka faɗi a kotu. Shi yana da ƙasar da ke bibiyar lafiyarsa. Su sai da kyamara ta gan su.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin 'yan lokutan da kotu ta taka wa wannan iko birki, daga jihar nan ya fito. A jamhuriya ta biyu, masu shekaru za su tuna, Gwamna Balarabe Musa ya yi mulki daga 1979 zuwa 1981 babu kwamishinoni, saboda majalisar jiha ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika. A wani lokaci da jihar ba ta da Antoni-Janar a kan kujera, babban lauyan ma'aikatar shari'a ya janye tuhumar da ake yi wa wasu mutane a kan kisan wani yaro. Mahaifin yaron bai haƙura ba, ya kai ƙara. A 1985, a shari'ar da lauyoyi ke kira Antoni-Janar na Kaduna da Hassan, Kotun Ƙoli ta ce uban yana da hurumin yin ƙara, kuma jami'in ba shi da ikon da ya yi amfani da shi, domin ikon na Antoni-Janar ne, sai in shi ya wakilta wani. Hukuncin bai taɓa tambayar dalili ba, ya tsaya ne a kan tambayar waye. Amma ko wannan kaɗai darasi ne: sai an san wanda ya sa hannu kafin a san ko yana da ikon sawa. Shekara 40 ke nan, kuma mataki na gaba, wato a san me ya sa, har yau ba mu taka shi ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce in aka wajabta wa kowace hukuma neman amincewar Antoni-Janar kafin ta shigar da ƙara, an miƙa wa ɗan siyasa mabuɗin kowace shari'a. An gwada hakan a 2007, lokacin da Michael Aondoakaa ya nemi EFCC da takwarorinta su riƙa biyowa ta ofishinsa, aka yi ca a kai, kuma masu tsoron sun yi gaskiya. Daga nan sai a ce maganin shi ne a raba ofishin Antoni-Janar da na Ministan Shari'a. Wannan ma tsohuwar magana ce. A kundin 1960 Daraktan Gabatar da Ƙararraki mai cin gashin kansa ne, kundin 1963 ne ya mayar da ikon hannun Antoni-Janar. A 2015 majalisar tarayya ta saka rabawar a cikin gyaran kundin tsarin mulki, Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu, kuma wannan na cikin dalilan da ya bayar. Ina goyon bayan rabawar. Sai dai ta zama wurin fakewa: duk wanda aka tambaya sai ya ce a jira gyaran kundi, kamar mai cewa sai kogi ya ƙafe zai haye. Kuma ko an raba, mutum ɗaya da ba ya bayani mutum ɗaya ne da ba ya bayani, ko da wace irin hula ya sa.

Ƙasashen da muka kwaikwayo sun riga sun wuce nan. A Ingila, tun 1986 aka raba masu bincike da masu gabatar da ƙara, kuma lauyan gwamnati yana bin rubutacciyar ƙa'ida mai tambaya biyu: shin shaidar ta isa a yi tsammanin samun hukunci, kuma shin shari'ar maslahar jama'a ce? Tun 2013 wanda aka cuta yana da haƙƙin neman a sake duba shawarar ƙin gurfanarwa. A Kenya, kundin 2010 ya ba darakta wa'adi ɗaya na shekara takwas, ya kuma hana shi dakatar da ƙara sai da izinin kotu. A Afirka ta Kudu, an janye tuhumar Jacob Zuma a Afrilun 2009, dab da zaɓe, amma da yake mai janyewar ya bayyana dalilinsa a fili, kotu ta sami abin aunawa, a 2016 ta ce dalilin bai hau hankali ba, daga baya aka dawo da tuhumar.

Misalin Amurka ya fi koyarwa, domin ya nuna tsarin a ranar da aka matsa masa. A Fabrairun 2025 wani babban jami'in Ma'aikatar Shari'a, Emil Bove, ya umarci lauyoyin tarayya na New York su janye tuhumar cin hanci da ake yi wa magajin garin, Eric Adams. Umarnin a rubuce yake, da dalilansa, har da cewa shari'ar tana hana magajin garin taimaka wa gwamnati a kan baƙin haure. Shugabar ofishin, Danielle Sassoon, ta rubuta doguwar wasiƙar ƙin amincewa ta ajiye aiki, wasu suka bi ta. Da yake dokarsu ta ce sai da izinin kotu, alƙali Dale Ho ya saurari batun, a watan Afrilu ya rufe shari'ar ta yadda ba za a iya sake ɗaga ta a riƙa yi wa mutumin barazana da ita ba, ya kuma caccaki hujjar gwamnati a hukuncinsa. Siyasa ta yi nasara, an janye ƙarar. Amma kowane ɗan ƙasa na iya karanta wanda ya ba da umarni, da wanda ya ƙi, da abin da kowannensu ya ce. A shari'ar yaranmu ba mu da ko layi ɗaya irin wannan.

Abin da nake nema bai buƙatar taɓa kundin tsarin mulki. Antoni-Janar na iya fitar da umarni gobe cewa duk tuhumar da hukuncinta kisa ne, ko ta cin amanar ƙasa, ko ta ta'addanci, ko wadda ake zaton akwai yaro a cikinta, ba za ta shiga kotun tarayya ba sai lauyan ma'aikata daga ofishin darakta, wanda ba shi ya yi binciken ba, ya karanta fayil ɗin cikin ƙayyadadden lokaci, ya rubuta shaidar da ya gani a kan kowane mutum ɗaya ɗaya, ya sa sunansa. Wannan bai shafi shari'o'in almundahana na EFCC ba, don haka tsoron 2007 bai taso ba. Sannan duk ƙarar da aka karɓe ko aka janye, a ajiye takardar dalili a fayil ɗin kotu inda lauya da ɗan jarida da wanda aka cuta za su iya gani, a kuma buga jerinsu duk shekara. Dokar 2015 ta riga ta wajabta rubuta yarjejeniyar sassauci idan mai laifi ya amsa laifinsa, ta kuma sa alƙali ya duba ta. Babu ma'ana a ce rage tuhuma na buƙatar takarda, shafe ta ɗungurungum kuma ba ya buƙata. Inda akwai sirrin tsaro na gaskiya, alƙali ya karanta a ɗakinsa, a rubuta cewa ya karanta.

Za a ce wannan zai ƙara jinkiri. Yaran sun yi kusan kwana 90 a tsare kafin a kai su gaban Mai Shari'a Egwuatu. Lokaci bai yi ƙaranci ba. Lauya ɗaya da ya san dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda ta hana yanke wa yaro hukuncin kisa ta kuma tanadi hanyar shari'arsa daban, da ya zauna da fayil ɗin na yini biyu, ya nemi a kawo masa waɗanda ake tuhuma ya gan su da idonsa, da ƙasar nan ba ta sha kunyar 1 ga Nuwamba ba.

Ranar da aka sanar da sakin yaran, an kuma ce shugaban ƙasa ya umarci a binciki jami'an da ke da hannu a kamawa da tsarewa da gurfanar da su. Binciken ba shi da wuya, domin takardar tuhumar tana nan a rajistarar Babbar Kotun Tarayya, akwai sa hannu a ƙasanta, kuma mai sa hannun yana da shugaban da ya ba shi izini. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba majalisar tarayya ikon kiran kowane jami'i da neman kowace takarda. Jihar Kaduna na da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 16, kuma wasu daga cikin yaran nan 'ya'yan mazaɓunsu ne. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya tashi a zauren majalisa ya nemi a kawo fayil ɗin.